Baƙon Ƙarƙashin Rumbu

Ni manomi ne. Garinmu yana kusa da tabkin Tabalak, kan hanyar da ta tashi daga Tawa zuwa Abalak. Da damina ina noman hatsi da wake. Da rani ina aikin albasa a garka. Amma yau ba zancen noma na zo da shi ba. Zancen kare ne.

Na san wani zai yi dariya. A ƙasarmu ba a zama a yi hirar kare. In an so a zagi mutum ma, da sunansa ake zaginsa. Duk da haka ba ƙauyen da ba shi da karnuka. Su ke kwana ido biyu muna barci. Mai son kare, kwikwiyo yake nema, ya raine shi tun yana ƙarami. Babban karen da masu shi suka tafi suka bari kuwa, ba mai waiwayarsa. Rabonsa jifa. Mutane sukan ce ya riga ya bushe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni na ɗauki irin wannan kare, babba, matsoraci. Ga abin da na gani da idona: babban kare yana sabo da sabon gida. Sai dai ba a tanƙwara shi. Jiransa ake yi.

Yadda aka bar shi

Daminar 2021 ba ta yi kyau ba. Hatsi bai yi ba, ciyawa ba ta yi ba. Da rani ya tsananta a 2022, makiyaya suka gangaro daga arewa suna neman abin da bisashensu za su ci. Wani iyali ya sauka bayan garinmu, kusa da rijiyar shanu. Sun yi kamar wata guda. Bisashen suka rame. Ranar kasuwa suka sayar da abin da ya rage, suka shiga babbar mota suka tafi. Masu ɗiban ruwa sun ce mai motar ne ya ƙi ɗaukar kare. Ba na ganin laifin mutanen nan. Wanda yake ta ƴaƴansa ba ya tsayawa gardama da mai mota saboda kare.

Karen ya zauna a kufan zangon. Inda aka cire bukka, nan yake kwance. In ya ji ƙarar mota sai ya ɗaga kai, in ta wuce ya mai da shi. Da dare yake zuwa ya lashi ruwan da ya zube bakin rijiya. Da rana yara su bi shi da duwatsu. Akwai rauni a ƙafarsa ta baya, yana ɗingishi.

Ba irin karnukan garinmu ba ne. Dogo ne, ƙafafunsa kamar na barewa, cikinsa a ɗame. Jikinsa launin yashi, ƙirji fari, ƙafafu farare. Kun san shanun Azawak masu yawan nono. To, ƙasar da ta ba da shanun, ita ta ba da wannan kare. Abzinawa suna kiransa oska. Shi ke tsaron zango, shi ke bin zomo da barewa. Tun shekarun 1970 Turawa suka kai irinsa ƙasashensu, suna kiwonsa da sunan Azawak. Namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Ko yana ƙoshe, haƙarƙarinsa yana ɗan bayyana. Halinsa kuwa, mutanensa kaɗai ya sani. Baƙo ba ya samun fuska wurinsa. Ke nan tsoron wannan kare ninki biyu ne: ga halin jini, ga jifar yara.

Shawara a gida

Mu huɗu ne a gida. Ni, da maiɗakina, da Inna mahaifiyata wadda ta manyanta, da jikata ƴar shekara 7. Samarin sun tafi ci-rani. Gidanmu yana ƙarshen gari, ba hayaniya. Muna da awaki 5, ga garka. Ina bukatar kare. Amma gaskiya ba bukata kaɗai ba ce. Kwanciyar nan da yake yi a kufai ta tsaya mini a rai.

Da na kawo maganar, maiɗakina ta ce: "Malam, yarinyar nan fa? In ya cije ta, me za mu gaya wa uwarta?" Tambayarta tana da nauyi, ban yi mata gardama ba. Inna ta ce: "A fara ba shi ruwa. Sauran magana ta biyo baya."

Na je wurin limaminmu. Ya ce addini ya yarda a aje kare don abu uku: farauta, da tsaron bisashe, da tsaron gona. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Amma in ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau 7. Wurinsa waje ne, ba ɗakin kwana ba. Ya kuma tuna mini labarin da ke cikin Buhari da Muslim, na matafiyin da ya shiga rijiya ya cika takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Na dawo gida hankalina a kwance ta wannan gefe.

Kasko ya kawo shi gida

Ba a kama kare mai tsoro da hannu. Wanda ya gwada, cizo zai sha. Igiya ma ban ɗauka ba. Kasko biyu na ɗauka, ɗaya na ruwa, ɗaya na ƙanzo da ɗan nono. Bayan magariba na aje su nesa da shi, na yi tafiyata. Da safe na tarar ba kome ciki.

An ce da kare tuwo ya yi yawa gidan biki, ya ce ma gani a ƙasa. Haka abin yake. Kare ba ya jin alkawari, abin da ya gani kullum shi ya sani. Kowace rana, lokaci guda, na kai kasko. Kowace rana kuma ina matso da shi wajen gida. Bayan gidanmu akwai tsohon garke mai dangar ƙaya, da rumbu a tsakiya. Na mai da awaki gaban gida. Dare na 9 kaskon yana cikin garken. Ya shiga, ya ci. Na ja ƙyauren a hankali. Ya zagaya dangar sau da yawa yana neman hanya. Da bai samu ba, ya kutsa ƙarƙashin rumbu, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai. Nan ya zama ɗakinsa.

Mutane sukan raɗa wa kare sunan habaici don su soki maƙwabci. Inna ta ce ba ta son haka. Ta ce: "Baƙo ne, a kira shi Baƙo."

"Mahaukaci ne, a kashe shi"

Kwana biyu da shigarsa, maƙwabcina ya yi sallama. Yana da yara ƙanana. Ya ce: "Malam, karen da ke ɓuya cikin duhu, ba ya haushi, wannan mahaukaci ne. A kashe shi tun bai yi ɓarna ba." Mutumin nan ba mugu ba ne. Ya taɓa ganin yaron da ciwon haukan kare ya kashe, bai manta ba.

Magana ta kai gaban maigari. Na ce: "Ranka ya daɗe, a kira likitan bisashe. Abin da ya ce, na yarda." Maigari ya yanke: kare ba zai fita garke ba, ba yaron da zai je kusa, in likita ya ga alamar ciwo a kashe shi nan take. Na amsa. Ran nan na kwana da nauyi a zuciya, don na san in ciwon ne, ni zan cika wannan hukunci.

Likitan bisashe ya zo ranar kasuwa. Ya tsaya bayan danga, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi mana bayani gaban jama'a. Ku saurara da kyau, don wannan ya fi labarin karena muhimmanci.

Ciwon haukan kare yana cikin yawun bisar da ta kamu. Cizo ke shigar da shi jiki, ko yaƙushi, ko lasar wurin da ke da rauni. Iri biyu ne. Akwai mai faɗa: kare ya yi ta yawo, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar, muryarsa ta sake. Akwai kuma mai shiru: kare ya ɓuya, haɓarsa ta saki, yawu yana zuba, ƙafafun baya su mutu. Ashe maganar maƙwabcina tana da tushe. Likita ya ƙara da cewa kada a ce kare yana shan ruwa, saboda haka lafiyarsa lau. Mutumin da ya kamu ne ke tsoron ruwa, ba kare ba.

Ya ce karen da ciwon ya fito masa ba ya daɗewa, cikin kwana 10 yakan mutu. Don haka a tsare Baƙo kwana 15 ana dubansa. Amma ciwon yana iya kwanciya cikin jiki wata da watanni kafin ya fito. Saboda haka ko kwana 15 sun cika, a ci gaba da sa ido, kada a sake shi cikin gari, kada yarinya ta taɓa shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce ciwon nan yana kashe mutum kusan dubu 59 kowace shekara. Mafi yawansu a Afirka da Asiya suke. Cikin mutum 10, kusan 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. In ciwon ya riga ya bayyana ga mutum, ba a warkewa. Amma akwai allurar da ke tare shi tun bai bayyana ba. Wani masani na Faransa, Luwi Pastar, shi ya fara yi wa mutum ita a 1885. Yaro ne ɗan shekara 9 da kare ya cije, ya kuma rayu.

To, in kare ya ciji wani, ga abin yi. A wanke wurin nan da nan da ruwa mai yawa da sabuni, har minti 15. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa. A kai mutum gidan likita ranar nan, ba gobe ba. Ko raunin ƙarami ne, a je.

Kwana 15 suka cika. Baƙo yana ci, yana sha, raunin ƙafarsa yana rufewa. Likita ya dawo ya ce abin da ya gani tsoro ne. Maƙwabcina ya ce: "To, Allah ya sa haka." Bai ƙara tada maganar ba.

Dabarar Inna

A 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, ina ɗan shekara 10. Muka bar gari, ni da Inna da ƙannena biyu. Muka sauka Birnin Ƙonni, gidan wasu mutane da ba mu taɓa gani ba. Matar gidan in ta kawo mana tuwo, sai ta aje, ta juya, ta koma ɗaki. Ba ta tsayawa. Wata rana na tambayi Inna dalili. Ta ce: "Mai yunwa ba ya son a ƙirga masa loma. Mutunci take yi mana."

Wannan mutuncin Inna ta yi wa Baƙo. Ita ta karɓi aikin kasko. Ta aje, ta juya, ta tafi. Da hantsi ta ɗauki tabarma ta zauna bayan danga tana saƙar faifai. Ba ta kiransa. Ba ta dubansa. Wani lokaci tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai hira da kanta. Da kwanakin tsaro suka wuce, ta mai da tabarmar cikin garke, nesa da rumbu.

Daga zaman nan nata muka fitar da dokokin gida. Ga su:

Na ɗaya, ƙarƙashin rumbu nasa ne. Ba mai leƙawa, ba mai jawo shi, ba mai zungurarsa da kara.

Na biyu, abinci sau biyu, bayan asuba da bayan magariba. Lokaci ba ya sakewa, wuri ba ya sakewa.

Na uku, ba a zura masa ido. Wurin kare, kallon ido cikin ido neman faɗa ne.

Na huɗu, ba a miƙa masa hannu. Shi zai zo, in ya ga dama.

Na biyar, ba tsawa, ba duka. Baƙin da suka zo kallo, a tsai da su a zaure.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na lura in na shigo da hauya a kafaɗa, Baƙo yakan ruga ƙarƙashin rumbu. In na duƙa da sauri ma haka, don ya ɗauka dutse zan ɗauka. Saboda haka nakan jingine hauya a waje. In zan wuce kusa da shi, ba na tunkararsa gaba da gaba. Nakan ba shi gefe, in wuce sannu.

Kare yana magana da jikinsa

Kare ba ya cizo haka kawai. Yakan yi gargaɗi, sai dai mu ba mu koyi karanta shi ba. Kamar baƙaƙen da ke kan takardar nan ne. Da can zane kawai muke gani. Da muka koya, sai suka zama magana.

In kare ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa baya, tsoro yake ji. In yana lasar leɓe alhali ba abinci, ko yana hamma alhali ba barci, hankalinsa ba a kwance yake ba. In ya kau da kai, cewa yake yi a bar shi. In ya sandare wuri guda, farin idonsa ya fito, to a ja da baya, cizo ya yi kusa. In ya yi gurnani, kada a buge shi. Gurnani sallama ce kafin cizo. Wanda ya hana kare gurnani da sanda, ya koya masa cizo ba sallama.

Na koya wa jikata abu uku. Kada ta je wurin kare yana ci. Kada ta tada shi yana barci. In wani kare ya nufo ta a hanya, kada ta ruga, kada ta yi kururuwa. Ta tsaya cik kamar icce, hannuwa a jiki, ta kau da ido. Mai gudu kare yake bi.

Ci da lafiya

Abin da muke ci shi yake ci: tuwon hatsi, ƙanzo, nono, ɗan kifin tabki in an samu, an cire masa ƙaya. Ruwa ba ya yankewa a kaskonsa. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa ciki rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan ake ƙarawa.

Ga wani abu da ya shafe mu masu garka. Albasa tana cutar da kare, ɗanya ko dafaffiya. Tafarnuwa ma haka. Suna lalata masa jini. Saboda haka maiɗakina takan ɗebe nasa tuwon kafin a zuba miya. Ƙashin kaza dafaffe ma ba mu ba shi, don yakan tsage ya soke shi a maƙogwaro ko a ciki. Irin karen Azawak ba shi da gashi mai kauri, ba shi da kitse, ba ya jure sanyi. Da ɗari ya shigo, na shimfiɗa masa tsohon buhu ƙarƙashin rumbu.

Ranar da ya zo da kansa

Wata guda ya wuce yana fita ne kawai in ba kowa. Sannan ya fara kwanciya bakin rumbu Inna tana zaune. Kowace rana yana ɗan matsowa. Wajen kwana 40, ina gyaran danga, na ga ya tashi. Ya yi taki biyu ya tsaya. Ya yi uku ya tsaya. Ya kai hanci ya shinshina gefen tabarma, ya shinshina faifan. Inna ba ta daina saƙa ba. Ya kwanta kusa da ƙafarta, ya juya mata baya. Kare ba ya juya baya ga wanda yake tsoro.

Da dare na ce: "Inna, kin ga abin da ya yi?" Ta ce: "Na gani. Ban so ya san na gani ba."

Bayan mako guda ta shafa masa ƙirji, ba bisa kai ba. Ni sai da na ƙara jiran mako biyu. Igiya kuwa, kwana da kwanaki na bar ta kusa da kasko har ya saba da ita, kafin in rataya masa.

Da wata biyu suka cika likita ya dawo. Muka ɗaure bakin Baƙo da ƙyalle mai taushi, aka yi masa allurar rigakafin hauka. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka kashe masa kaska. Likita ya ba ni takarda, ya ce a sake allurar kowace shekara. Ya ce in an yi wa kare 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Ya kuma gaya mini ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon nan a duniya, tun 2007.

Bayan allurar Baƙo ya koma ƙarƙashin rumbu, kwana 3 bai fito ba sai dare. Maiɗakina ta ce aiki ya koma baya. Inna ta ce: "Fushi ya yi, zai huce." Ta ɗauki tabarmarta ta koma wurin zamanta na farko. Rana ta huɗu ya fito. Wannan ma darasi ne. Sabo ba ya tafiya a miƙe, yakan yi gaba ya yi baya.

Mushen lakwal ɗinmu ya gaya mini cewa a Turai da Amurka akwai gidaje na musamman inda ake tara karnukan da ba su da masu su, mutane su zo su ɗauka. A Faransa tun 1845 aka kafa ƙungiyar taimakon bisashe. Masu wannan aiki sukan ce: kwana 3 kare ya huce daga firgita, mako 3 ya gane tsarin gida, wata 3 ya san nan ne gidansa. Baƙo ya ci fiye da haka. Kowane kare da nasa lokaci. Mu nan ƙauye ba mu da irin waɗannan gidaje. Gidanka da nawa su ne.

Karen da ba ya haushi

Damina ta zo ta wuce. Baƙo ya yi ƙiba irin tasu, ɗingishi ya bar shi. Ya fara bina gona da igiya, daga baya ba igiya. Ya saba da awaki, yana kwanciya kusa da su. Amma bai taɓa haushi ba, ko sau ɗaya. A majalisa aka samu abin dariya. Wani ya ce: "An ɗauki kare don haushi ya koma tunkuyi. Naka ko tunkuyin ba ya yi." Wani ya ce in sai da shi in sayi zakara, shi ko cara zai yi. Na yi dariya tare da su.

Na tambayi kaina dalili. Amsar da na samu ita ce: kare ba ya haushi a gidan da ba nasa ba. Baƙo ba ya korar baƙo.

Cikin watan Disamba na 2022, bayan dashen albasa, ina kwana a bukkar garka. Tsakar dare na ji wata murya da ban sani ba, mai kauri, daga bakin danga. Na fito da fitila. Ba ɓarawo ba ne, ba dila ba ce. Jakin wani ne ya tsinke, ya tura kai cikin danga yana shirin shiga fangali. Baƙo yana tsaye gabansa yana haushi, wutsiyarsa a sama. Na kori jakin. Da safe na ba Inna labari. Ta ce: "To, ya zama ɗan gida."

Daga ranar da na fara kai kasko zuwa wannan dare, wata 7 ne da ƴan kwanaki.

Abin da zan gaya wa mai son gwadawa

Har yanzu Baƙo ba ya yarda wani na waje ya taɓa shi. Ranar biki, in kiɗa ya tashi, yakan koma ƙarƙashin rumbu. Ba mu hana shi. Jikata ta girma, ita ke kai masa ruwa, yana raka ta har bakin ƙofar lakwal ya dawo. Maƙwabcina ya kawo nasa karen an yi masa allura tare da nawa.

Ba kowane gida ya dace da irin wannan kare ba. Gidan da ke cike da yara ƙanana, da shiga da fita, ba zai yi ba. Karen zai wahala, yaran suna cikin haɗari. Mai saurin fushi ma ya haƙura. Wanda yake son mai gadi gobe-gobe, ya tuna ba a kiwon kare ranar farauta. Amma gidan da ke da shiru, da wurin da za a killace, da mutum ɗaya mai haƙurin zama, yana iyawa. Sharaɗi shi ne a fara da likitan bisashe. Tausayi ba ya maye gurbin allura.

Wanda kuma ba zai iya ɗauka ba, akwai abin da ba ya cin ko dala. Ya hana yaransa jifar kare. Jifa ke mai da matsoraci mai cizo, yaro kuma shi ke shan cizon. Ya aje kaskon ruwa bayan danga lokacin zafi. In ya ga kare da alamun nan da na lissafa, kada ya matsa kusa, ya sanar da maigari da likitan bisashe.

Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman wurin da na yi maganar sabuni da minti 15. Mafarauta da makiyaya sun fi ni sanin kare. Wanda yake da wata dabara a cikinku, ya rubuto wa jaridar nan mu ƙaru. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.